Tambaya da Amsa: Alli, Kantar Banki da Kujerar Gwamna

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na gama digiri a fannin tattalin arziki, na kuma kammala hidimar ƙasa. Sashenmu ya ce in dawo a ɗauke ni ƙaramar malama, wani banki kuma ya kira ni in fara aiki. Mahaifina ya ce banki, malamina ya ce aji. Ni kuwa burina in yi aiki a Babban Bankin Najeriya, har inda Allah ya kai ni. Wace hanya ce take ɓullewa can?
Wata mai karatu, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Wannan ai ruwan ido ne na alheri, Allah ya ƙara buɗi. Hanyoyin biyu duk sun taɓa ɓullewa can, har ma a jere. Farfesa Charles Soludo, wanda ya riƙe kujerar gwamnan Babban Banki daga 2004 zuwa 2009, malami ne daga Jami'ar Nsukka, ya biyo ta ofishin ba Shugaba Obasanjo shawara kan tattalin arziki. Wanda ya gaje shi, Malam Sanusi Lamido Sanusi, daga bankin kasuwanci aka ɗauko shi. Tunda daga Zariya kika rubuto, bari in bi miki sawun na biyun, don shi ma a nan ya riƙe alli. Maganar rawani kuma ba ta wannan shafi ba ce.

Ya gama digirinsa na tattalin arziki a Jami'ar Ahmadu Bello a 1981, ya koyar a can daga 1983 zuwa 1985, sannan ya shiga aikin banki a Icon. Bayan wasu shekaru ya ajiye, ya tafi Khartum ya karanta Shari'a, abin da a idon ma'aikacin banki na lokacin ya yi kama da mutum ya sauka daga mota tana tsakiyar gudu. A 1997 ya dawo ya shiga UBA, a 2005 ya koma First Bank, a watan Janairun 2009 ya zama shugabansa, ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera. Bai cika wata shida a kanta ba Shugaba 'Yar'aduwa ya kira shi Babban Banki, a watan Yuni.

Mutane suna ba da wannan labari su tsallake wurin da ni nake so ki tsaya. A UBA da First Bank, wane tebur ya zauna? Sashen tantance bashi da auna hatsarinsa. A banki ba a son mutanen wannan sashe. Masu kawo ajiya su ne 'yan lele, su ake ba mota da kyautar ƙarshen shekara. Mai auna hatsari kuwa aikinsa ya karanta fayil ya ce a'a, ya ɓata wa manaja rai, ya ɓata wa abokin manaja rai. Sama da shekara goma mutumin yana wannan aiki.

Na san ƙimar teburin ne saboda ni ban zauna a kansa ba a lokacin da ya kamata. A 2007 ina riƙe da reshen wani banki da ba zan ambata ba. Kasuwar hannun jari tana ta hawa kamar ba za ta sauko ba. Wani Alhaji ɗan kasuwar atamfa, mutumin kirki da bai taɓa saɓa mana alkawari ba, ya zo neman rance ya sayi hannun jarin bankuna. Jinginar da ya bayar ita ce hannun jarin da zai saya da kuɗinmu. Na duba takardar, na ga kowa haka yake yi, na ga adadin da aka ɗora mini in cike kafin ƙarshen wata, na sa hannu. Ban tambayi abu ɗaya da ɗan aji biyu a sashenku zai iya tambaya ba: idan farashi ya faɗi, me ya rage a hannunmu? Daga Maris ɗin 2008 kasuwa ta fara gangarowa, kafin shekara ta zagayo fiye da rabin darajarta ya tafi. Ranar da Alhaji ya dawo, takardun suna cikin baƙar leda, ya ajiye a kan teburina ya ce, "Manaja, ga kayanku." Bashin yana nan daram, har da ruwansa, jinginar kuwa ta zama takardar tsire. Har yau idan na ga irin ledar nan sai gabana ya faɗi.

Ki ninka wannan fayil sau dubbai, ki haɗa da basussukan masu shigo da mai da suka ruɓe da farashin ɗanyen mai ya karye, da waɗanda shugabannin bankuna suka ba kamfanonin kansu. Abin da sabon gwamna Sanusi ya tarar ke nan. Wanda bai taɓa zama cikin banki ba, rahoton da aka miƙa masa zai karanta, kuma rahoton yakan zo a goge tas. Shi kuwa ya san yadda ake sabunta mataccen bashi a takarda don ya yi kama da mai rai. Ya tura masu bincike, ranar 14 ga Agustan 2009 ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba ya ƙara da Bank PHB, Spring Bank da Equitorial Trust, kuɗin ceton ya kai biliyan 620. A 2010 aka kafa AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussukan. An yi ta ce-ce-ku-ce, wasu suka ce manufar Arewa ce, masu hannun jari da yawa sun yi asarar da ba su farfaɗo ba. Amma masu ajiya a bankunan nan ba su rasa kuɗinsu ba, kuma mu da muka ga yadda aka rufe bankuna a shekarun 1990 mutane suna kuka a bakin ƙofa mun san bambancin.

Kada ki ɗauka na raina alli. Soludo ne ya tashi a watan Yulin 2004 ya ce duk bankin da yake so ya rayu ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Mu na ciki mun ce ba zai yiwu ba, don kowa reshensa yake kallo. Bankuna 89 suka koma 25. Irin wannan hange na wanda ya saba kallon tattalin arziki gaba ɗayansa ne. Sai dai kuɗin da aka tara sun zo da sauri fiye da hankalin juya su, wani ɓangare ya kwarara cikin irin rancen da na ba Alhaji, kuma masu sa ido ba su ankara da wuri ba. Shi ma Sanusi, ranar da kwamitin manufofin kuɗi ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 9.25 zuwa 12 cikin ɗari a Oktoban 2011 don tare faɗuwar naira, ilimin aji ne ya yi aiki. Kantar banki ba ta koyar da wannan. Zuwa 2013 hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10.

Shawarata: ki karɓi koyarwar, ki gama digiri na biyu cikin shekara biyu ko uku, ki ƙware a lissafi da sarrafa alƙaluma, sannan ki fita. Dalilina na mutum ne da ya ga abin da albashin banki yake yi wa niyyar karatu. Da yawa sun shiga da cewa shekara biyu kawai za su yi su koma makaranta, ga su nan sun yi ritaya da digirin farko. Na san albashin ƙaramin malami ba ya kai wata, na san yajin aiki, kuma mahaifinki ba don ƙi ya faɗa ba, ki zauna ki yi masa bayani cikin ladabi. Idan lokacin banki ya zo, za su so su tura ki farautar masu ajiya, don can suke tura 'yan mata. Ki nemi sashen bashi, ko na binciken cikin gida, ko da ba alawus.

Ki kuma riƙe sunan Dokta Sarah Alade. Ta koyar a Jami'ar Ilori, ta shiga sashen bincike na Babban Banki a 1993, ta zama mataimakiyar gwamna a 2007, ta riƙe bankin na wucin gadi a 2014. Ita ba ta biyo ta bankin kasuwanci ba, daga aji ta shiga gidan ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙofa ta uku ce da ba ki ambata ba.

Tambaya: Malam, dole ne sai mai digirin tattalin arziki zai zama gwamnan Babban Banki? Musu muke yi a majalisarmu.
Wani mai karatu, Gusau

Amsa: Ba dole ba ne. Dokar bankin ta 2007 cewa ta yi a naɗa wanda aka san shi da gogewa a harkar kuɗi, shugaban ƙasa ya zaɓa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, wa'adin shekara biyar, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Marigayi Malam Adamu Ciroma, da ya riƙe kujerar daga 1975 zuwa 1977, tarihi ya karanta, kuma editan jaridar New Nigerian ne a da. Joseph Sanusi, na 1999 zuwa 2004, akanta ne. Wanda ya ce dole, shi zai biya kuɗin shayi.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗan kasuwa ne, ban yi boko mai zurfi ba. Amma a ɗauko shugaban banki a ce ya sa ido kan bankuna, wannan ba ba wa kura ajiyar nama ba ne?
Wani mai karatu, Kasuwar Kwari, Kano

Amsa: Alhaji, tambayarka ta fi ta masu bokon. Tsoron gaskiya ne, kuma ba a Najeriya kaɗai ake yinsa ba. Mario Draghi, wanda ya koyar a jami'o'in Italiya kafin ya jagoranci Babban Bankin Turai, an sha yi masa gori da shekarun da ya yi a bankin Goldman Sachs. Stanley Fischer, malamin jami'ar MIT a Amurka, daga bankin Citigroup ya tafi ya riƙe Babban Bankin Isra'ila a 2005. Mutum yakan tausaya wa waɗanda ya ci abinci da su, wannan halin ɗan Adam ne. Amma ka ga misalin da na bayar a sama: waɗanda aka sauke a 2009 abokan zaman taron Sanusi ne, wata uku kafin nan suna kujera ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Cecilia Ibru ta Oceanic, kotu ta ɗaure ta a 2010 ta kuma ƙwace kadarori masu yawa. Mai gadin da ya san ta inda ake haura katanga yana da ranarsa.

Ni kurar da ta fi ba ni tsoro ba a banki take ba. Gwamnati ce. Ita take naɗa gwamna, kuma ita ce babbar mai neman bashi a ƙasa. Dokar 2007 ta yarda Babban Banki ya ba gwamnatin tarayya rancen toshe giɓi, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, kuma a biya cikin shekarar. A zamanin gwamna Godwin Emefiele, wanda shi ma ya taɓa koyarwa a jami'a kafin ya shugabanci bankin Zenith, wannan rance ya taru har Majalisa ta amince a 2023 a mayar da naira tiriliyan 22.7 bashi mai dogon zango. Kuɗi ne aka ƙirƙira ba tare da an ƙara ko yadi ɗaya na atamfa a kasuwa ba, kuma kai ka fi ni sanin abin da ya faru da farashin dila a shekarun nan. Ba sai na tuna maka canjin kuɗi na farkon 2023 ba, lokacin da mai miliyoyi a asusu yake rasa na mota.

Wanda kuma ya ce a'a, ga abin da ya same shi. Sanusi ya rubuta wa Shugaba Jonathan cewa akwai kuɗin mai da NNPC ba ta shigar asusun tarayya ba, daga baya a gaban Majalisar Dattawa ya tsaya a kan dala biliyan 20. Ranar 20 ga Fabrairun 2014, yana Yamai wajen taro, aka sanar da dakatar da shi bisa zargin sakaci da kuɗin bankin, zargin da ya musanta. Doka ta ce tsige gwamna sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa. Ba a tsige shi ba, dakatarwa aka kira ta, wa'adinsa kuma saura ƙasa da wata huɗu ya cika. Shi ma Emefiele da kalmar nan aka fitar da shi a Yunin 2023.

Don haka idan aka kawo sabon suna gaban Majalisa, ni ba na tsayawa a kan ko daga jami'a ya fito ko daga banki. Nakan kira tsofaffin abokan aiki in tambaye su wane sashe ya riƙe, da kuma ko akwai fayil ɗin wani babba da ya taɓa mayarwa ba sa hannu.