Fatawa: Katun ɗin yara da bidiyon "idon Dujal" da ke yawo a waya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu, a Gusau nake zaune. Makon jiya aka turo wani bidiyo a guruf ɗinmu na matan Islamiyya. Mai maganar ya ce duk katun ɗin da yara ke kallo, wata ƙungiyar asiri da ake kira Illuminati ce ke shirya shi don ta share wa Dujal hanya. Sai ya riƙa tsayar da hoto yana zagaye ido ɗaya da kusurwa uku da jan layi, ya ce akwai kalmomin da ake ɓoyewa suna shiga ƙwaƙwalwar yaro bai sani ba. A ƙarshe ya ce duk wanda bai tura wa mutum goma ba, alhakin 'ya'yan Musulmi na wuyansa. Na tura. Bayan kwana biyu sai na ga ɗana ɗan shekara bakwai ya zana wani dodo mai ido ɗaya a bayan littafin makarantarsa. Hankalina ya tashi, na ƙwace wayar. Maigidana kuwa dariya ya yi, ya ce shirme ne. Malam, maganar nan gaskiya ce? Kallon katun haramun ne? Turawar da na yi daidai ce? Kuma yaron yana buƙatar ruƙiyya?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri a kan kishin 'ya'yanki. Zan fara da turawar, don a nan ne hukuncin ya fi fitowa fili.

Allah yana cewa a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari to ku yi bincike. Mutumin da ya yi bidiyon nan ba ki san sunansa ba, ba ki san malaminsa ba, ba ki san ko ya taɓa kallon katun ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Malaman hadisi suna kiran irinsa majhuli, ba a kuma gina hukunci a kan ruwayarsa. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A Bukhari kuma akwai dogon hadisin Samura bin Jundub, inda aka nuna wa Annabi (SAW) a mafarki wani mutum ana tsaga gefen bakinsa har ƙeya, aka ce masa wannan shi ne wanda ke fita daga gida ya yi ƙarya guda ta kai ko'ina a duniya. A da sai mutum ya sha wahala kafin ƙaryarsa ta wuce kasuwar garinsu. Yanzu babban yatsa ya isa.

Cewar da ya yi wai wanda bai tura ba alhaki na wuyansa, wannan ɗora wa bayin Allah wajibin da Allah bai ɗora musu ba ne. Zunubi da lada ba a sanin su sai ta hanyar nassi. Ke dai kin tura da kyakkyawar niyya bisa rashin sani, ina fatan babu laifi a kanki, amma ki koma guruf ɗin ki ce musu abin da kika tura ba ki tabbatar da shi ba. Layi ɗaya ya wadatar.

Sai abin da bidiyon ya ƙunsa. Malaman usulu suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin, don haka mu fara sanin mece ce Illuminati ɗin. Ƙungiya ce da ta taɓa wanzuwa da gaske. Wani malamin jami'a mai suna Adam Weishaupt ya kafa ta ranar 1 ga Mayu 1776 a Ingolstadt, cikin Bavariya ta ƙasar Jamus a yau, kafin 1785 ta ƙare kuma hukumar ƙasar ta haramta ta, ta wargaza ta. Duk wanda ya ce ta rayu har yau, ita ce kuma ke zana wa yaran Gusau katun, to ya kawo hujja, don hujja a kan mai da'awa take. Zagaye hoto da jan layi ba hujja ba ce. Idon da ke saman ginin dala mai kusurwa uku a bayan takardar kuɗi ta dala ɗaya ta Amurka daga hatimin ƙasar na 1782 aka ɗauko shi, sai a 1935 aka sa shi a jikin kuɗin. In kuwa siffar kusurwa uku ce laifin, me za mu ce da dalar gyaɗar Kano? Mu da muka ɗan kwana biyu a duniya mun ga kwabo da anini masu huji na zamanin Turawa, da tauraro mai tsini shida a jikinsu, wanda wasu Musulmi ke kira hatimin Annabi Sulaimanu. Iyayenmu sun sayi gero da su, sun ba da sadaka da su, ba wanda imaninsa ya taɓu.

Irin wannan farautar alamomi ba yau aka fara ta ba. An daɗe ana cewa in ka sa rubutun Coca-Cola a madubi za ka karanta "babu Muhammadu, babu Makka" da Larabci. Maganar ta yi ƙarfi a Masar har ta kai gaban Muftin ƙasar, Sheikh Nasr Farid Wasil, a shekarar 2000. Bai yi fatawa da fushi ba. Ya sa aka duba rubutun, ya fito ya ce babu wannan a ciki. Haka aka yi ta yaɗa cewa Pokémon, sunan wani katun da wasan yara na ƙasar Japan, na nufin "ni Bayahude ne" da harshen Japan, alhali kalmomin Turanci biyu ne aka gajarta, ma'anarsu dodannin aljihu. Gaskiya ne kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta wasan katinsa a 2001, ya kuma ambaci alamomin da ke jikin wasu katunan. Amma a ganina dalilinsu mafi ƙarfi shi ne caca, yaro ya ci katin yaro, ana saye da sayarwa a kan sa'a. Wannan abu ne da kowa zai iya tsayawa ya gani da idonsa, ba ya buƙatar jan layi.

Maganar saƙon ɓoye mai shiga ƙwaƙwalwa kuwa, wani ɗan binciken kasuwa a Amurka, James Vicary, shi ya ɗaukaka ta a 1957, da ya ce ya riƙa walƙa gajerun kalmomi a allon wani gidan silima a New Jersey, ciniki ya ƙaru. A 1962 ya amsa da bakinsa cewa dabarar jawo wa kansa kasuwa ce. Mai ƙaryar ya janye, ƙaryar tana nan tana yawo da ƙafarta, ga ta har ta iso Gusau da Hausa.

To amma kada maigidanki ya yi saurin cewa "ai na faɗa miki". Alƙur'ani bai ce babu makirci a duniya ba. Suratul Anfal, aya ta 30, tana ba da labarin yadda Ƙuraishawa suka ƙulla a tsare Annabi (SAW) ko a kashe shi ko a fitar da shi. Mu ma nan Arewa muna da dalilin zargi, tun gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai mun ga abin da zargi marar bincike ya jawo a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohi har da Zamfara. Yaran da cutar ta shanye wa ƙafa ba 'ya'yan Illuminati ba ne, namu ne.

A katun ɗin ma an sha samun ɓarna ta gaske. A 1999 kamfanin Disney ya janye kaset kimanin miliyan 3.4 na wani tsohon katun nasa, saboda an gano wani ya cusa hoton tsiraici a ciki. Wani katun nasu na 1992 ya buɗe da waƙar da ke siffanta ƙasar Larabawa da dabbanci, Larabawan Amurka suka yi ƙorafi, aka canza baitin a 1993. A 2022 Saudiyya da Hadaddiyar Daular Larabawa da wasu ƙasashe sun hana nuna wani katun saboda ya nuna mata biyu a matsayin ma'aurata. A 2017 YouTube ya goge dubban bidiyoyin da aka yi da fuskokin katun da yara suka sani amma cikinsu ƙazanta da tashin hankali, a 2019 kuma hukumomin Amurka suka ci kamfanin tarar dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara. Ki lura da abu ɗaya: duk waɗannan an san su ne don an gani, an nuna, an tabbatar, har mai laifin ya janye ko ya biya ko aka hana nuna abin. Galibinsu ma a fili suke, ba a ɓoye ba. Abin da ke damuna da bidiyo irin wanda aka turo miki shi ne yana sa a bar jaki ana dukan taiki. Uwa tana ƙirga idanun dodo, alhali abin da ake koya wa ɗanta da baki da hoto yana wucewa ta gabanta.

Ni kaina na gwada. Wata rana bayan la'asar na zauna kusa da jikana, yana riƙe da wayar uwarsa da hannu biyu kamar mai riƙon allo. Na ce yau tare za mu kalla. Na farkon babu komai, dabbobi ne ke koyar da ƙirga. Yana ƙarewa wani ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa wayar. A na ukun yaro ne ke yi wa ubansa gatsine, uban ya zama wawan gida, ana sa sautin dariya duk lokacin da aka raina shi. Tsakani kuma ga talla ta faɗo wadda ni da furfurata sai da na kau da kai. Aka kira magariba, na kira sunan yaron sau uku kafin ya ɗago. Ban ga ido ɗaya ba, ban ga kusurwa uku ba, amma na ga abin da ya ishe ni.

Hukuncin katun, asalinsa halas ne, kamar sauran wasannin yara. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a cikinsu da doki mai fukafukai biyu na tsumma. Ya tambaye ta, ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Rubayyi'u bintu Mu'awwiz kuma ta ce suna yi wa yaransu abin wasa na ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa ranar azumin Ashura. A kan irin waɗannan ne malamai da yawa na wannan zamani suka sassauta a kan zanen da ake yi don yara, ko da yake akwai masu tsanantawa saboda hadisan hana zana surar abu mai rai, kuma ra'ayinsu abin girmamawa ne. Ni na farkon na fi natsuwa da shi.

Daga nan sai a bi kowane katun da abin da ke cikinsa. Wanda ke koyar da gumaka da alloli barkatai, ko ya mai da sihiri abin sha'awa, ko tsiraici da auren jinsi, ko raina iyaye, haramun ne a sa wa yaro shi, ko da wanda ya zana shi liman ne. Wanda ke koyar da karatu ko lissafi ko ladabi, ko nishaɗi ne kawai marar ɓarna, halas ne ko da wanda ya zana shi ba Musulmi ba ne. Halas ɗin ma in ya kai ga cinye sallah da hadda da barcin yaro, sai a taƙaita, don Malikiyya sun san toshe ƙofar ɓarna. Ibn Abi Zaid ya faɗa a farkon Risala, littafin da ake karantawa a zaurukanmu daga Gusau har Gwandu, cewa zuciyar da aka fi sa ran alheri gare ta ita ce wadda sharri bai riga ya shige ta ba, kuma koyarwa a ƙuruciya kamar zane ne a kan dutse. Wannan aiki kuwa ba na uwa kaɗai ba ne. Ki gaya wa maigida, cikin ladabi, cewa hadisin "dukkanku makiyaya ne" ya ambaci namiji a kan iyalinsa kafin ya ambaci mace a gidan mijinta. Ya zauna ya kalla da su ko sau ɗaya a mako, ya kashe abin nan da ke sa bidiyo ya hau da kansa, in kuma zai kai memori wurin masu turi ya san abin da aka zuba masa kafin ya miƙa wa yara.

Akwai wata ɓarna da wannan ɗabi'a ta haifar wadda ba zan wuce ta ba. Yanzu da mawaƙi ko ɗan fim ko ɗan kasuwa Musulmi ya ɗauki hoto hannunsa ya rufe ido ɗaya, sai ka ji an ce ya shiga ƙungiyar asiri, ya sayar da imaninsa. Wannan kafirta Musulmi ne da zato, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Dujal gaskiya ne, mun yi imani da fitowarsa. Annabi (SAW) ya siffanta shi da cewa mutum ne mai ido ɗaya, an rubuta "kafir" tsakanin idanunsa, kowane mumini zai karanta. Bai ce mu bi zane-zane muna neman sa ba. Abin da ya ba mu shi ne haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, da neman tsari daga fitinarsa a ƙarshen tahiya. Ɗan shekara bakwai zai iya haddace ayoyi goma a wata guda.

Game da ruƙiyya, zanen dodo mai ido ɗaya ba alamar sihiri ko shafar aljani ba ce. Yaro abin da ya gani yake zanawa, gobe mota zai zana ko Keke Napep. Muddin yana ci yana barci yana wasa yadda ya saba, kada ki kai shi wurin kowa, kada kuma ki nuna masa kin tsorata da littafinsa, don tsoron naki zai fi zanen tasiri a zuciyarsa. Ki zauna ki tambaye shi a ina ya ga dodon, ku kalli abin tare, ki auna shi da ma'aunin da na faɗa. Da dare ki tofa masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ki shafe jikinsa, kamar yadda Annabi (SAW) yake yi wa kansa in zai kwanta, wannan kuwa ko da katun ko babu katun ana yin sa.

Wallahu a'alam.