PS4 mai ruri tana kashe kanta

Ɗan'uwa, ka ce fankar PS4 ɗinka, wato na'urar wasan bidiyo, na ruri kamar jirgin sama, can kuma sai na'urar ta kashe kanta. Zafi ne ya yi mata yawa, kuma galibi ƙura ce ta toshe ƙarfen da ke zuƙe zafi kusa da fankar. Zare wayar wuta, kwance murfin da sukundireba mai bakin tauraro, mai lamba T8 ko T9, ka danne fankar da yatsa kada ta juya, sannan ka hure ƙurar.

Idan an daɗe ana aiki da na'urar, hura kaɗai ba za ta wadatar ba. Mai yiwuwa man da ke kai zafi daga APU (wato ƙwaƙwalwar na'urar) zuwa ƙarfen ya bushe. Goge shi da sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Idan kuma a cikin kabad ka ajiye na'urar, ka fitar da ita, don iska ta samu hanyar fita ta bayanta.