Ciwon da ke ɓoye cikin ƙoƙon kai: amsoshin tambayoyinku kan raunin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon sun taru a kan raunin ƙwaƙwalwa, wanda haɗari ke jawowa da wanda cuta ke bari. Na zaɓi biyar, na taƙaita su, na cire sunaye.

Likita, ƙanena ɗan kabu-kabu ne. Ya faɗi da mashin a hanyar Dange, kansa ya bugi kwalta, ya suma na ɗan lokaci, sannan ya tashi da ƙafarsa. Ko ɗigon jini babu. Yanzu yana kukan ciwon kai, ya yi amai sau biyu. Mun sayo masa maganin ciwon jiki a kemis. Akwai damuwa? (Daga Mabera)

Ɗan'uwa, na riga na amsa maka tun ranar da saƙonka ya iso, cewa ku tafi asibiti a lokacin. Ina maimaitawa a nan domin sauran jama'a.

Rashin ganin jini shi ne abin da ya fi yaudarar mutane. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya buɗewa, ba ya miƙewa. Idan jijiya ta tsinke a ciki, jinin ba shi da mafita, sai ya taru ya riƙa danne ƙwaƙwalwa. A gefen kai, gaba da kunne kaɗan, ƙashin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Wanda ta tsinke masa yakan suma, ya farfaɗo, ya yi magana garau, har ya ci abinci, bayan wasu awoyi ya fara gyangyaɗi, daga nan sai a kasa tashinsa.

Ba na manta wani saurayi da aka kawo mana da asuba. Da la'asar ya faɗi, shi ya tura mashin ɗinsa zuwa gida, ya yi sallar magariba, ya ce kansa na sarawa ya kwanta. Mahaifiyarsa ta leƙa sau biyu, ta ji yana minshari, ta ce barci ne na gajiya. Da na ɗaga fatar idonsa, baƙin idon dama ya buɗe, ko motsi ba ya yi da na haska tocila. Jinin da ya taru a kansa irin wanda ake cirewa ne mutum ya koma sana'arsa, in an zo da wuri.

Don haka duk wanda ya bugu a kai, a kai shi asibiti nan take in ya suma ko na minti ɗaya ne, ko yana amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko ya ruɗe bai tuna abin da ya faru ba. Haka in ya yi jijjiga, ko hannu ko ƙafa sun rasa ƙarfi, ko jini ko farin ruwa na fita ta hanci ko kunne. Hoton kai na siti-sikan ne ke nuna abin da ke ciki. A nan Sakkwato muna da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ake kawo mata marasa lafiya har daga Kebbi da Zamfara.

Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen ko diklofenak, suna iya ƙara zubar jinin. Farasitamol ya isa kafin likita ya gani. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko madara, huhunsa za su shiga. Wajen ɗaukarsa kuma mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya su miƙe daidai da jiki, a shimfiɗe shi a kan katako ko ƙyaure, domin mai rauni a kai yakan haɗa da karaya a wuya. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, kyauta ake kira.

Wai da gaske hular kwano na hana wani abu? Mu zafin Sakkwato ba ya bari mu sa ta, kuma in kwana ya ƙare ai ya ƙare. (Ɗan kabu-kabu, Arkilla)

Ƙanena, na san zafin watan Afrilu, ban raina ƙorafinka ba. Amma addininmu ne ya koya mana ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Bincike ya nuna hular kwano tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100, tana rage mutuwa da kusan kashi 42. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'inka. Masu samun rauni a ƙwaƙwalwa kuwa, ƙiyasin masana ya kama daga miliyan 27 zuwa 69 a shekara a duniya. A asibitocinmu na Najeriya haɗarin hanya ne ke kawo mafi yawansu, mashin na gaba-gaba, sai faɗowa daga bishiya ko gini, da duka, da sara da harbi da muke ƙara gani daga gabashin jihar nan.

Lokacin da aka fara tilasta hular a watan Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka kifa a kai don gudun kamu. Ƙwarya ba ta tare komai, haka hular 'yan gini. Nemi mai kauri da soso a ciki, ka ɗaure igiyar a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba, ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa.

Ɗiyata mai shekara shida ta yi sanƙarau bara, Allah ya tashi kafaɗunta. Amma tun daga nan ba ta ji sosai, karatun allo ya tsaya, wani lokaci tana faɗuwa tana kumfa. Ba ta taɓa buguwa a kai ba. Wasu sun ce iska ce. (Wata uwa, Gwadabawa)

Malama, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ƙwaƙwalwa na samun rauni ba tare da an bugi kai ba. Sanƙarau kumburi ne na rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga mai tsananin yakan bar musu tabo: kurumta, farfaɗiya, ko wahalar koyo. Yankinmu na cikin inda cutar ta fi yawa a Afirka. A annobar 2017 an samu sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, Zamfara da Sakkwato ne suka fi jin jiki.

Abin da kika kwatanta ya yi kama da farfaɗiya, kuma tana da magani mai sauƙin kuɗi wanda ke tsayar da faɗuwar ga mafi yawan yara in ana sha kullum ba fashi. Ba a ɗaukarta ta yawu. In ta faɗi, kwantar da ita a gefe ɗaya, kada a cusa cokali a bakinta, kada a kai ƙafarta kusa da wuta. Ki kai ta sashen yara, ki nemi a auna jinta, domin wataƙila rashin ji ne ya tsayar da karatun. Addu'a ki ci gaba da yi, maganin ma ki ba ta.

Sauran hanyoyin da muke gani: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, jaririn da ya daɗe bai yi kuka ba bayan doguwar naƙuda, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, hayaƙin janareto ko garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ga manya kuwa babbar hanya ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke kan gaba wajen jawowa.

Maigidana ya yi haɗarin mota wata takwas da suka wuce, ya kwana goma bai san inda yake ba. Jikinsa ya warke, amma ba shi ba ne. Abu kaɗan sai faɗa, yana mantuwa, ya kasa riƙe lissafin shago. Danginsa na cewa asiri na yi masa. (Daga Gidan Igwai)

Hajiya, wannan saƙon ya taɓa ni, kuma ba ke kaɗai ba ce. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke riƙe da haƙuri, kunya, tsara aiki da danne fushi, kuma shi ne ya fi buguwa a haɗarin mota. Abin da kike gani raunin ne, ba laifinki ba ne, shi ma ba da gangan yake yi ba. Sauƙi ya fi sauri a watanni shidan farko, amma yakan ci gaba har shekara biyu ko fiye. Ku koma wurin likitan da ya duba shi, ku tafi da babban wansa ko kawunsa ya ji bayani da kunnensa. Likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware na taimakawa kan fushi da baƙin ciki da rashin barci, zuwa can ba ya nufin hauka. A gida a rage hayaniya, a riƙa gaya masa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi ɗan littafi yana rubutawa, wani amintacce ya kama masa lissafi. Kada ya tuƙa mota sai likita ya yarda. In fushin ya kai ga duka, ki tsare kanki da yara, ki sanar da manya.

Mahaifinmu ya zame a bayi wata guda da ya wuce, yanzu ya fara ruɗewa yana jan ƙafa. An ce a yi masa hoton kai, wataƙila da tiyata. Mun sayar da tumaki biyu ba su isa ba. Babu wani taimako ne? (Daga Wurno)

Ɗan'uwa, wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini nauyi, domin na sha tsayawa a kan mara lafiya ina kallon agogo, danginsa na waje suna buga waya neman kuɗin hoto. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa. Raunin ƙwaƙwalwa kuwa cin kuɗinsa ba ya ƙarewa a tiyata: ga ɗakin kulawa ta musamman, ga gashi na watanni, ga wanda zai bar sana'arsa ya zauna jinya.

Ku san haƙƙinku tukuna. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Wannan bai sa hoto da tiyata sun zama kyauta ba, amma ba a korar mutum daga ƙofa. A manyan asibitoci akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya, ku tambaye shi tun ranar farko, kada kunya ta hana ku. Ku kai takardar likita Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, tana da ɓangaren taimakon jinya. In mahaifinku na da rajista da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ko ta jiha, SOCHEMA, ku nuna katin, ku tambayi abin da take ɗauka da wanda za ku cika, don ba komai take biya ba. Wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010 in ma'aikatarsa na biyan asusun inshorar ma'aikata, NSITF. Wanda mota ta buge kuma, inshorar motar an yi ta ne domin irin wannan, sai dai sai da rahoton 'yan sanda da rasit, don haka ku adana kowace takarda.

A ganina ya kamata gwamnati ta ɗauki nauyin hoton kai da tiyatar gaggawa na awa 24 na farko ga kowa, a yi maganar kuɗi daga baya, domin a cikin waɗannan awoyin ake rasa mutanen da za a iya ceto.

Ka ce Baba ya zame a bayi wata guda da ya wuce, sai yanzu ya fara ruɗewa yana jan ƙafa. Ga tsofaffi jini kan taru a hankali na makonni bayan ƙaramin bugu, har a ɗauka tsufa ne. In hoton ya nuna haka, aikin yawanci ƙaramin rami ne ake hudawa a zuƙe jinin, kuma da yawa suna dawowa hayyacinsu cikin kwanaki. Ku fara haɗa kuɗin hoton, ku gaya wa likitansa gaskiyar abin da ke hannunku, ku kuma faɗa masa in Baba na shan asfirin ko wani maganin tsinka jini.