Tambaya da Amsa: Samarin ƙauyenmu na son koyon haɗa fim, ina zan kai su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam mai wannan fili, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Maigatari a Jigawa. Akwai wasu samari bakwai da suke zama a ƙofar gidana bayan la'asar, huɗu ƴan gari ne tun suna aji ɗaya na koyar da su, biyu iyayensu sun taso daga Zamfara saboda ƴan bindiga aka basu masauki a bayan gari, ɗayan kuma daga Nijar suka ƙetaro shekarun baya. Waya ɗaya ce da su, da ita suke ɗaukar ɗan wasan kwaikwayo kuma wallahi in ka gani sai kayi mamaki. To wani ya turo min a WhatsApp wai a Amurka akwai makarantun da ke koya wa ƴaƴan baƙi da ƴaƴan talakawa haɗa fim kyauta, yace in tara dubu ashirin-ashirin na fom zai saka sunansu. Shin gaskiya ne? A nan gida fa akwai irinsu? Sannan iyayen biyu daga ciki basa son jin kalmar fim sam. Nagode.

Malamin makaranta, daga yankin Maigatari

AMSA

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu da yaran nan, musamman baƙin cikinsu. Kafin komai dan Allah kar ka tura wa mutumin nan ko sisi. Dubu ashirin sau bakwai dubu ɗari da arba'in kenan, kuɗin da zai saya muku ƙaramin makirufo da fawabank har da canjin data.

Makarantun kam akwai su. A unguwar Bronx ta birnin New York akwai Ghetto Film School da wani mutum mai suna Joe Hall ya kafa a shekarar 2000, daga baya suka buɗe a Los Angeles da Landan, yaran sakandare suke ɗauka daga unguwannin da yawanci baƙar fata ne da ƴaƴan baƙi, su koya musu kyauta na kusan shekara biyu da rabi. Akwai wata cibiyar mai suna DCTV da ke koya wa matasa haɗa fim, ita ma a New York tun 1972. Amma duk waɗannan an yi su ne don yaran da ke zaune a garuruwan, yaro ya tashi daga makaranta ya hau jirgin ƙasa ko bas yaje aji ya dawo gidan iyayensa ya kwana, ba hanyar biza bace, kuma babu wani dillali a WhatsApp da ke da ikon saka sunan kowa.

Wadda ni tafi tsaya min a rai ita ce ƙungiyar agaji ta FilmAid, don ta fi kama da halin da kake ciki. An fara ta a 1999 lokacin yaƙin Kosobo, da farko majigi kawai suke kai wa sansanin ƴan gudun hijira su kafa farin ƙyalle mutane su kalla su ɗan manta da damuwa, daga baya da suka zo sansanonin Kakuma da Dadaab a Kenya sai suka koma koya wa matasan sansanin su riƙe kamara da kansu, su rubuta labarinsu, su ɗauka, su tace, a haska wa jama'ar sansanin. Ka duba da kyau Malam, yaran da suka baro Sudan ta Kudu da Somaliya ba tare da komai ba, kullum wani ne ke zuwa daga waje ya ɗauke su hoto ya tafi ya faɗi abin da yaga dama a kansu, sai gashi kamarar ta dawo hannunsu. In ka bi duk shirye-shiryen nan ɗaya bayan ɗaya zaka ga abubuwa uku iri ɗaya suke yi: babba guda da ke zama da yaran a kai a kai, ƴar ƙungiya da kowa ke da aikinsa, da tilasta musu su GAMA gajeren fim a kan abin da suka sani su nuna wa mutanensu. Babba dai kai ne, ƙungiya ga ta nan a ƙofar gidanka, saura na ukun.

A nan gida akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Najeriya, amma wannan karatun gaba da sakandare ne, sai da sakamako mai kyau da kuɗin makaranta. Akwai MultiChoice Talent Factory ta kamfanin DStv da aka fara a 2018, suna da makaranta a Legas da Nairobi da Lusaka, su ke ɗaukar nauyi, sai dai mutane kaɗan kowace makaranta ke ɗauka a zango, kuma sukan so suga abin da ka taɓa yi da hannunka. Jami'ar Bayero a Kano ma tana da fannin aikin jarida da na wasan kwaikwayo. Kaga duk inda ka juya tambaya ɗaya ce, me ka taɓa yi? Yaron da yazo da gajeren fim uku a wayarsa ya riga wanda yazo da surutu.

Kuma kar ka raina wayar nan. A Kaduna akwai wasu samari ƴan uwan juna da ake kira The Critics, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyallen da ake ratayawa a bayan ɗan wasa don a sauya wurin daga baya suka fara, suna koyon editin, wato yankawa da haɗa abin da aka ɗauka, a YouTube ga matsalar wuta ga tsadar data, a 2019 duniya ta san da su, a 2020 babban daraktan nan na Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Ita kanta Kannywood da ake ta magana ai ƙungiyoyin wasan daɓe ne suka fara ta, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990 a kaset, babu wanda ya jira makaranta.

To ga yadda nake ganin zaku fara. Ku daina ɗaukar duk abin da yazo baki, a zauna a rubuta labari na minti uku zuwa biyar a littafin makaranta, wa zai ce me, a ina, da wane lokaci. Kai malami ne wannan ɓangaren naka ne, kuma zaka sha mamaki yadda yaron da baya son insha'i zai zauna yana gyara jimla saboda shi zai faɗe ta gaban kamara. Wayar a kwantar da ita a ɗauka, a goge gilashin kamarar da gefen riga, a ɗaure ta jikin sanda ko a ɗora kan turmi da aka kifa don kar hoto ya dinga rawa. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka, don da tsakar rana fuska baƙi ƙirin take fitowa ido ya shige rami.

Sauti shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa, shi yasa zan ɗan daɗe a nan. Mutum zai haƙura da hoto mai dishi-dishi amma in baya jin magana minti ɗaya bazai ƙara ba. Ku ari waya ta biyu ko da ƙarama ce in dai tana naɗar murya, a saka ta a aljihun gaban rigar mai magana, a rufa mata safa mai tsabta saboda iska, balle yanzu in hunturu ya shigo iskar yankinku sai ta cinye maganar gaba ɗaya. Kafin a fara kowace fitowa wani ya tsaya gaban kamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, wannan tafin shi mai editin zai nema a hoton da kuma muryar ya daidaita su a manhajar editin ta waya irin CapCut ko KineMaster. Sannan a tsaya a saurara kafin a danna, injin markaɗe na aiki? akwai babur? jaki na kuka? A jira su lafa. In an gama kowa yayi shiru a naɗi ƙarar wurin na rabin minti, tana amfani wajen toshe gurbi.

Maganar iyaye kuma ni ban ga laifinsu ba, kuma kar ka yi musu gardama. Ka tuna a 2016 gwamnatin tarayya ta so gina alƙaryar fim ta naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, malamai da jama'a suka tashi haiƙan har aka fasa, wato tsoron nan ba a gidan mutum biyu kaɗai yake ba. Abin da suke gudu rawa da waƙa ne da cakuɗuwar maza da mata da yaro ya bar gona ya tafi Kano ya ɓace. Ka je ka same su har gida, ka fara da mai unguwa da liman, kace aikin farko tarihin gari zamu ɗauka, a sa tsofaffi gaba su faɗi yadda aka kafa ƙauyen, waye ya haƙa rijiyar farko, ya kasuwar Maigatari take ranar Alhamis a da. Babu uban da zai hana ɗansa riƙe waya yana naɗar maganar kakansa. In wata rana kuka kai ga sayarwa a kasuwar Kano to ku san akwai hukumar tace finafinai tun 2001 sai kun bi ta wurinta, amma wannan da saura.

Yanzu yaran Zamfara biyu da na Nijar. Ina roƙonka Malam ka sa ido kar a mayar da su ƴan ɗaukar kaya da masu fitowa a ɓarawo ko ɗan bindiga kullum, don haka yara ke yi ba tare da sun lura ba, ɗan gari shi ne darakta baƙo shi ne mai riƙe jaka. A dinga juyawa, wannan satin wane ke riƙe waya, sati mai zuwa shi ke bada umarni. Kuma kar a matsa musu su bada labarin abin da ya koro su, mai yiwuwa abin da yaron ke son ɗauka shi ne yadda babarsa ke yin hoce ko yadda ake kiɗan garinsu, ku bar shi. Ranar da ya kawo labarin gudun da kansa to a saurare shi, amma kar a ambaci sunan ƙauyensu, kar a nuna fuskar kowa sai da yardarsa, kar a ɗora a TikTok ko Facebook sai iyaye sun gani sun amince, saboda suna da ƴan uwa da suka rage a can kuma abin da ya hau intanet baya saukowa.

In kun gama na farko kar ku fara da ɗorawa, ku fara da gida. Ina yaro na ga daren da aka kawo majigi garinmu, aka ɗaura farin ƙyalle jikin bangon makaranta, mata daga baya maza a gaba mu yara a ƙasa cikin ƙura, har yau ina tuna ƙarar janareton. Ku nemi mai gidan kallon ƙwallo ya ara muku talabijin ɗinsa na rabin awa bayan isha a ranar da babu wasa, a shimfiɗa tabarmi, a gayyato dagaci da iyayen nan biyu a basu kujera a gaba, kuma a ƙarshen fim ɗin a rubuta sunayen yaran bakwai duka da aikin da kowa yayi, a bar rubutun ya daɗe yadda mai karatu a hankali zai iya karantawa.