Littattafan Kirista na farkon ƙarni na 20: da wanne za a fara?

Ɗana, na ga tambayarka, cewa kana shekarar farko a makarantar tauhidi, malaminku ya ce ku riƙa karanta littattafan Kirista na farkon ƙarni na 20, kai kuwa ba ka san inda za ka kama ba, ga kuɗin sayen littafi ba su da yawa. Zan amsa maka daga abin da na karanta da kaina a shekarun da na yi ina aikin bishara a ƙauyuka.

Da za a ce in zaɓar maka guda ɗaya tak, to littafin Roland Allen ne, Missionary Methods: St. Paul's or Ours?, wanda ya fito a 1912. Sunansa ma tambaya ce: hanyar Manzo Bulus muke bi wajen aikin bishara, ko tamu? Allen limamin Angilika ne daga Ingila, ya yi aikin mishan a arewacin ƙasar Sin, abin da ya gani a can kuwa shi ya dame shi har ya ɗauki alƙalami. Ya lura cewa cikin shekara goma ko kusan haka Bulus ya kafa ikkilisiyoyi a Galatiya da Makidoniya da Akaya da Asiya, ya naɗa musu dattawa daga cikinsu, ya bar musu baftisma da Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Yesu) da sha'anin kuɗinsu a hannunsu, ya yi gaba, alhali 'yan mishan na zamanin Allen sukan shekara hamsin a wuri ɗaya ba su yarda masu bi na ƙasar sun isa riƙe komai ba. A ganinsa tushen matsalar rashin amincewa ne cewa Ruhu Mai Tsarki zai iya bi da sababbin tuba kamar yadda yake bi da mu.

Na same shi ne a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Jos, gara ta ci gefen bangonsa, wani ya ja layi da jan biro a kusan kowane shafi. Lokacin ina kula da wata ƙaramar majami'a ta mutum talatin da 'yan kai, inda mukan yi wata huɗu ko biyar ba mu ci Jibi ba saboda faston da aka naɗa yana da nisa, hanya kuma ba ta biyuwa da damina. Akwai wani tsoho a cikinmu, manomi, wanda ya haddace Zabura da yawa, kowa kuma yana kai masa ƙara idan an saɓa, amma ni ban taɓa ba shi ko karatun nassi ranar Lahadi ba, don ina ganin bai yi makaranta ba. Da na kai babin da Allen ya yi magana a kan naɗa dattawa, na buɗe Ayyukan Manzanni 14:23 da Titus 1:5 na sake karantawa, sai kunya ta kama ni, domin abin da yake zargin Turawa da shi ni ma shi nake yi wa mutanena. Ba kowace magana tasa na karɓa ba, ina ganin ya rage wa horon makaranta daraja fiye da kima, amma ka karanta shi da Ayyukan Manzanni a buɗe a gefenka.

Na biyu, don ibadarka ta kullum, ka nemi My Utmost for His Highest na Oswald Chambers. Shi kansa bai ga littafin ba: ya rasu a Masar a 1917 yana yi wa sojoji hidima lokacin yaƙin duniya na farko, matarsa ce, wadda ta iya rubutun gaggawa ta kuma riƙa ɗaukar koyarwarsa baki da baki, ta tattara ta fitar a 1927. Karatu ɗaya ne ga kowace rana, gajere amma mai nauyi, saboda haka kada ka haɗa na mako guda ka shanye a zama ɗaya.

Orthodoxy na G. K. Chesterton, na 1908, yana da daɗi ƙwarai, sai dai Turancinsa cike yake da wasa da kalmomi da habaici ga marubutan Ingila na lokacinsa, waɗanda yawancinmu ba mu san su ba. Na fara shi sau biyu ina ajiyewa kafin na gama. Christianity and Liberalism na J. Gresham Machen, na 1923, ya fi sauƙin bi, zai kuma fahimtar da kai gardamar da ta raba ikkilisiyoyin Amurka a kan mu'ujizai da ikon nassi. Sharhin Karl Barth a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, na 1919, ka bar shi sai shekara ta uku.

Idan ka ci karo da Littafi Mai Tsarki mai bayanan wani mai wa'azi Ba'amurke, Scofield, wanda aka fara bugawa a 1909, ka yi amfani da shi amma ka tuna bayanan da ke ƙasan shafi ra'ayin mutum ne, domin na sha ganin mai wa'azi yana karanta su da murya ɗaya da ayar. Kuma tun da da Hausa za ka yi wa'azi, ka roƙi wani dattijo a majami'arku ya ara maka tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kanta, ka gwada Romawa sura 8 a cikinta da fassarar da kake riƙe da ita yanzu.