Tankar yaƙi da wayar hannu: amsoshin tambayoyinku

Ranar Lahadin da ta wuce ina kasuwar Gujungu, na tsaya a rumfar wani mai cajin waya. Wayoyi sun fi tamanin a jere a kan katako, kowace da lambarta a jikin takarda, janareto yana ta kuka a baya. Samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani bidiyo na tankokin yaƙi suna ɓarin wuta cikin dare. Da na dawo gida na tarar an turo mini shi har sau huɗu. Saboda haka tambayoyin wannan mako duk a kan tanka suka taru, kuma na ga babu laifi, don tankar zamani rabinta kwamfuta ce.

Malam, ga bidiyon nan da ake ta turawa a WhatsApp, an ce sojojinmu ne a daji shekaranjiya. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Taura.

Ɗan'uwa, ba sojojinmu ba ne, ba ma mutane ba ne. Wasan kwamfuta ne. Akwai wani wasa mai suna Arma 3 da aka daɗe ana yanko ɓangarorinsa ana yaɗawa da sunan yaƙin gaske, har kamfanin da ya yi shi, Bohemia Interactive, ya fito a 2022 yana roƙon mutane su lura. Sake kallon naka a tsanake. Dare ne, hoton ya dushe, kyamara na rawa da gangan, ba ka jin muryar mutum ko ɗaya. Wa ya taɓa ganin Bahaushe ko Bayarabe yana ɗaukar bidiyon harbi bai ce uffan ba? Sannan dubi hayaƙin: duk fashewar da aka yi, hayaƙi iri ɗaya ne yake tashi, kamar an buga shi da hatimi.

In bidiyo ya shige maka duhu, tsayar da shi a inda tankar ta fito sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayarka, ka buɗe Google Lens ka ba shi hoton. Sau da yawa zai nuna maka inda aka fara sa shi, da shekarar. Ka kuma duba itatuwa da rubutun allunan hanya da hannun da motoci ke bi. Mu tun 1972 hannun dama muke bi. Wani abin da ke tona asirin masu ƙarya shi ne, tanka ba ta yin doguwar tafiya da ƙafarta a kan kwalta. A tirela ake ɗora ta, kamar yadda ake kai katafila wurin aikin hanya, saboda sarƙarta na ci, ga shan mai. Tankar Abrams ta Amurka tana ɗaukar wajen lita 1,900, kuma da kaɗan take wuce kilomita 400 da shi. Yi lissafin da kuɗin lita na yau.

Muna gardama a teburin mai shayi. Motar da muke gani a shingen sojoji, ni na ce tanka ce, abokina ya ce a'a. Raba mu. Daga Ringim.

Biya wa abokinka kuɗin shayi, shi ke da gaskiya. In ka ga tayoyin roba, mota mai sulke ce, aikinta ta kai soja inda za shi ta dawo da shi da ransa. Tanka kuwa a kan sarƙa take tafiya irin ta katafila, tana da katon kai mai juyawa da igwa a jikinsa, kuma nauyinta yakan kama daga tan 40 zuwa kusan 70. Sarƙar nan ita ce sirrin. Tana baza nauyin a fili mai faɗi, shi ya sa tanka ke ratsa yashi da taɓo inda tifa za ta nutse har ƙirji. Duk wanda ya taɓa tura mota a jigayin Gumel ko a fadamar Haɗeja da damina ya san abin da nake nufi.

Sunan ma da labarinsa. Turawan Ingila ne suka fara fito da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 15 ga Satumba 1916, a fagen Som da ke Faransa. Lokacin da ake ƙera ta, don kada asiri ya tonu, sai aka ce tankin ruwa ake yi. Sunan ya bi ta har yau. Waccan ta farko mutum takwas ne a cikinta, zaune tare da injin babu ko shamaki, cikin zafi da hayaƙi, kuma gudunta bai wuce na mai saurin tafiya ba, wajen kilomita 6 a awa. Siffar da muka sani yanzu, mai kai a sama yana juyawa, Faransawa ne suka kawo ta da Renault FT a 1917.

Amma mu ba baƙin sulke ba ne. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kananeji, wajen shekara 600 da suka wuce, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ɗan lifida da kake gani a hawan sallah, doki da mahayi an naɗe su da auduga, a zamaninsa shi ne tanka: ba shi da sauri, amma shi ake sawa gaba ya fasa dāga, kibau na maƙalewa a jikinsa.

A nan gida, sojan Najeriya ya yi aiki da tankoki irin su Vickers ta Ingila da T-72 ƙirar Rasha, a 2020 kuma aka kawo VT-4 daga Sin. Makarantar koyon aikinsu tana Bauchi. Motoci masu sulke kuwa har ƙera su ake yi a nan. A Disambar 2019 aka ƙaddamar da wata mai suna Ezugwu a Kaduna. Irinta in ka leƙa ƙarƙashinsu za ka ga cikin ba shimfiɗe yake ba, tsini ne da shi kamar gindin kwalekwale, don in ta taka nakiya ƙarfin fashewar ya watse gefe da gefe maimakon ya daki mutanen ciki.

Ni malama ce a makarantar sakandare a Kafin Hausa. Ɗalibaina sun tambaye ni ko akwai kwamfuta a cikin tanka, kuma me take yi. Ka taimaka mini da amsar da yaro zai gane.

Malama, sannu da ƙoƙari. Ki shiga aji da kaza. Da gaske nake. Ki riƙe ta hannu biyu ki juya jikinta hagu da dama, sama da ƙasa, yara su kalli kanta. Kan zai tsaya cak a wuri ɗaya. To haka bakin igwar tanka yake. Jikin yana tsalle a kan kunyoyi da ramuka, amma igwar tana kallon abin da aka saita ta a kai. Abin da ke yin wannan wata 'yar na'ura ce mai jin duk wata karkata da juyi, ta gaya wa kwamfuta, kwamfuta ta umarci injinan da ke riƙe da igwar su gyara, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙanwar wannan na'ura tana cikin wayarki. Da irinta waya ke sanin kin kwantar da ita ta juya miki hoto, da ita kuma kyamarar wayoyi masu tsada ke hana bidiyo rawa.

Na biyu shi ne awon nisa. Maharbin yana danna maɓalli, wani siririn haske na leza ya fita ya daki abin da ake hari ya dawo. Tunda an san gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, sai kwamfuta ta auna lokacin zuwa da dawowa ta fitar da nisan. Ki ba su wannan a matsayin aikin gida: in abin yana nisan kilomita 3, tsawon wane lokaci hasken zai ɗauka ya je ya dawo?

Daga nan kwamfutar ke haɗa lissafin da da can maharbi ke yi da ka da gogewa. Tana duba ƙarfin iska da inda take kaɗawa, da zafin gari, da zafin harsashin kansa, da ko tankar a karkace take tsaye, da gudun abin da ake hari. Har lanƙwasar bakin igwar tana aunawa, domin in rana ta gasa gefe ɗaya ƙarfen yakan ɗan karkace, kamar yadda kwanon rufi ke ƙara da tsakar rana a watan Afrilu. Karkatar da ido ba zai gani ba, a nisan kilomita biyu ta isa a yi kuskure. Shi kuwa harsashin da ake fasa wata tankar da shi, ba ma nakiya a cikinsa. Dogon ƙarfe ne siriri mai nauyi kamar kibiya, yana fita da gudun fiye da kilomita ɗaya da rabi a daƙiƙa, gudun ne ke huda sulke.

Abin da ya fi burge ni shi ne idonta. Tana da kyamarar da ba haske take gani ba, zafi take gani. Injin mota, jikin mutum, akuya a bayan kara, duk suna fitowa fari a allo ko da dare ne, ko da ƙura ta rufe gari kamar tsakiyar hunturu. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 wannan ido na cikin abubuwan da suka raba gardama: tankokin Amurka suna hango na Iraƙi cikin duhu da hayaƙi daga nesa, su kuwa ba su ma san daga ina wutar ke zuwa ba. A ganina tun daga lokacin kaurin ƙarfe ya koma mataki na biyu, wanda ya riga ganin ɗan'uwansa shi ke komawa gida.

Ki ƙara musu da wannan don su yi dariya: tankokin farko na Ingila ba su da rediyo, tantabaru suke ɗauka a keji, in za a aika saƙo a ɗaura mata takarda a sake ta ta wata 'yar kafa. Ko T-34 ta Rasha da ake yi wa kirari, a 1941 yawancinsu ba rediyo, da tuta kwamanda ke ba da umarni, alhali na Jamus suna magana da juna.

Wayata mai RAM 2 ce. Za ta ɗauki wasan tankoki? Daga Babura.

World of Tanks Blitz da War Thunder Mobile duk suna cin gigabait da yawa wajen saukewa, kuma sai da intanet mai ƙarfi ake buga su. A wayarka za ka sha tsaitsayawa da zafin batir, datarka ta ƙare a banza. Nemi ƙananan da ba sa buƙatar intanet a Play Store. Kada ka karɓi wanda aka ce an "buɗe" shi ta Xender ko a wurin masu tura finafinai a kasuwa. Irinsu ne ke zuwa da manhajar da ke karanta saƙonnin banki.

Ɗana soja ne, yana arewa maso gabas a cikin masu motocin sulke. Sai ya yi mako biyu wayarsa a kashe, in ya kira kuma ba ya faɗin inda yake. Ƙannensa sun ce ya riƙa turo mana alamar wurin da yake ta WhatsApp don hankalina ya kwanta. Ya ƙi. Jikata ce ta rubuta mini wannan. Daga wani ƙauye kusa da Birnin Kudu.

Inna, Allah ya tsare shi ya dawo miki da shi lafiya. Ɗanki ya san aikinsa, ƙannensa ne ba su gane ba. Waya ko ba a kira da ita, muddin a kunne take, tana ta sallama da ƙarfen sabis mafi kusa tana cewa ga ni nan. Wanda ke da kayan sauraro zai iya gane cewa wayoyi da yawa sun taru a wuri kaza cikin daji. A daren shiga shekarar 2023 an kai hari kan wani gini da sojojin Rasha ke kwana a garin Makiyifka da ke gabashin Yukren. Ma'aikatar tsaron Rasha ta ce mutum 89 suka mutu, ta kuma ɗora laifin a kan kunna wayoyi, ko da yake wasu 'yan ƙasar sun ce ɗora wa matattu laifin manya ne kawai. Kafin nan, a ƙarshen 2017, wata manhajar motsa jiki mai suna Strava ta fitar da taswirar inda masu amfani da ita ke gudu, a farkon 2018 sai aka lura zanen sansanonin soja ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar hamada, saboda sojoji na zagaye su da waya ko agogo a hannu.

Sulken motar da yake ciki ya fi kauri ta gaba, samanta kuwa ba shi da kauri sosai. A yaƙin Yukren an ga ƙananan jirage marasa matuƙi, waɗanda kuɗinsu bai kai na sabon babur ba, suna faɗa wa tankar miliyoyin daloli ta sama su ƙone ta. Har ta kai sojoji na walda kejin ƙarfe a kan tankokinsu kamar akurkin kaji. Mai irin wannan jirgi abu ɗaya yake nema kafin ya tashi, a gaya masa wurin.

Saboda haka ki ce wa yaran su bar matsa masa. In ya turo hotonsa a jikin mota, kada kowa ya ɗora a Facebook ko a sitatus, don dutse ko gini ko lambar da ke jikin motar sun isa mai nema ya gane wurin. In jerin motocin soja sun wuce ta hanyar garinku, a yi musu addu'a, a bar waya a aljihu. Ke kuma jikar Inna, ki sa wa lambarsa sautin kira na daban a wayar, mai ƙarfi, ki tabbata wayar na da caji kafin magariba, don in ya samu sarari ya kira ko da tsakar dare ne Inna ta san shi ne ta ɗauka.