Kafin ka zuba miliyan 4 a kayan kicin na cikin kanta

Wani Alhaji mai shago kusa da Babbar Kasuwar Yamai ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shekara 9 ke nan ina sayar da firigo da murhun gaz mai ƙafa. Yanzu masu sabon gini a Koira Kano da Francophonie sun fara tambayata irin waɗanda ake dasawa cikin kantar kicin, murhu da fur (tandar gashi) da na'urar zuƙe hayaƙi. Ina da miliyan 4 na sefa a ajiye. In sa a kawo mini su da yawa in cika shago? Aikin dasawar kuma, in ɗauka ko in bar mai gida ya nemo ma'aikacinsa?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka cika shago, amma aikin dasawar kada ka bari ya wuce ka. Na san akasin haka zuciyarka ta fi so, domin ɗan kasuwa ya saba da kayan da yake gani jere a gabansa.

Murhu mai ƙafa, duk wanda ya shigo da kuɗinsa zai iya ɗauka ya ɗora a kan adaidaita ya tafi. Na cikin kanta kuwa sai gidan da ke da raminsa. Yawancin fur na Turai faɗinsu santimita 60 ne, ramin da suke shiga kuma wajen 56. Murhun sama mai baki huɗu galibi yana son yanka mai kusan 56 da 49, amma daga wannan kamfani zuwa wancan ana samun bambancin santimita ɗaya ko biyu. Wannan ɗan bambancin shi ke cin jarin mutum. A nan Yamai kantar kicin ba kasafai ta katako ba ce, magini ne ke tayar da ita da siminti ya manna karo, wato tayil, ko a ɗora dutsen marmara a sama. Katako ana iya shafe shi da zarto. Marmarar da aka yanke ta yi yawa, ba mai mayar da ita.

Na taɓa shiga wani gida inda magini ya tura fur cikin rami, ya ga gefe ya ɗan buɗe, sai ya cike da siminti ya bi da karo, ya yi kyau kamar a hoto. Bayan shekara biyu fankar cikinsa ta mutu. Gyaran bai kai ya kawo ba, amma sai da aka fasa rabin kantar da guduma kafin a ciro shi, uwargida tana tsaye tana salati. Abin da ya kamata ya riƙe fur ɗin nan ƴan kusoshi ne a bakin ƙofarsa, a warware su a jawo shi kamar aljihun tebur. Wa kake jin aka zaga ranar? Ba maginin ba, ya daɗe da tafiya. Mai shagon da ya sayar.

Tunda zagin kanka zai dawo ko ka yi aikin ko ba ka yi ba, gara ka yi shi ka karɓi kuɗinsa.

Ga yadda zan raba kuɗin da nawa ne. Abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba zai tafi a samfuri: murhun gaz na santimita 60 kala biyu, fur ɗaya ko biyu, na'urar hayaƙi ɗaya. Ka sa kafinta ya haɗa maka ƴar kanta a shago ka dasa su, mai saye ya buɗe ƙofa ya murɗa maɓalli da hannunsa. Sauran sai an yi oda, kuma ba oda sai da abansi, aƙalla rabin kuɗi. Kada kunya ta hana ka, ko ɗan ƙanenka ne. Game da ranar isowa, ka bar wa kanka fili: tun 2023 kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome su ratso Burkina maimakon Kwatano, hanyar ta fi tsawo. In kana sa ran mako huɗu, ce shida.

Kafin ka karɓi ko dala, kai ko yaronka ku je gidan da mita. Awon da mai gida ya turo ta WhatsApp ba awo ba ne. Ku auna faɗi, tsawo, zurfi, ku rubuta, ya sa hannu. Sannan ku leƙa wajen kwantar wuta ku ga ampa nawa ke kan disjonktar, wato makunnin da ke yanke wuta in an ja fiye da kima. Fur na lantarki yana jan kilowat 2.5 zuwa 3.5, yana son layinsa shi kaɗai. Murhun maganaɗisu na lantarki mai baki huɗu, wanda amare ke gani a intanet suna so, yana iya kaiwa kilowat 7, wato ampa 32 a wutarmu ta 220, da waya mai kaurin milimita murabba'i 6. Gidaje da yawa ba su da wannan ƙarfi sai an koma kamfanin wuta NIGELEC an ƙara. Kuma in wuta ta ɗauke a watan Afrilu, da me za a tuƙa tuwo? Ni dai gaz a sama, lantarki a ƙasa nake ba mutane shawara.

Gaz ɗin ma akwai wani abu ƙarami da ke kunyata mutane. Murhu da yawa na Turai suna fitowa da bakin feshi na gaz ɗin bututun gari, mu kuwa butan muke ƙonawa daga butali mai kilo 6 ko 12.5. Ramin bakin butan ya fi ƙanƙanta. In ba a canja ba, wuta za ta tashi rawaya tana lasar gefen tukunya, gindinta ya yi baƙi ƙirin, butali ya ƙare da wuri. Ƴan bakunan nan galibi suna cikin wata ƴar leda a kwali, yara kan jefar da ita tare da soso. Ka hore su. Bayan haɗawa a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa a ga ko zai yi kumfa. Ashana ba abin gwaji ba ce.

Firigo na cikin kanta, ka ɗan ƙyale shi tukuna. Zafin Yamai yana haura digiri 40, wanda ke da alamar T ne aka yi don ya jure har 43, mai N kuwa iyakarsa 32. Ka kulle irin wannan cikin kabad ba mashigar iska ƙasa da sama, injinsa ba zai daɗe ba, kuma garanti a wuyanka.

Kuɗin aiki ka rubuta shi a layinsa daban cikin faktir, wato takardar lissafin kuɗi, kada ka narkar da shi cikin kuɗin kaya. In ka haɗe, mai saye zai kwatanta jimillarka da farashin maƙwabcinka ya ce ka yi tsada. Lissafin ba wuya: ladan mai wuta da mai gaz, man mota zuwa biyu, awo da dasawa, waya da tiyo, sai ka ɗora ribarka da ɗan abin komawa in an kira ka. Yankan marmara ko fasa siminti wani ciniki ne na daban, a faɗe shi tun farko. In kana neman aikin manyan gidaje da ma'aikatu, za su tambaye ka lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci, Maison de l'Entreprise ce wurin yin su.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane gida shafinsa: awon rami, sunan kaya da lambarsa, ranar dasawa, da shekarar da ke rubuce a jikin tiyon gaz, in na roba ne, domin yana da wa'adi. Ranar da fur ɗin Hajiya ya gaji ta kira ka, tun kafin ka tashi daga kujera ka san wanda zai shiga raminta. Tsohon da ka ciro kuma kada ka bar shi a ƙofar gida, ka rage mata wani abu ka ɗauko shi, masu gyara a kasuwar Katako suna neman maɓallansa da gilashin ƙofarsa.